Inda Za a Sauke Tabarya

Ƙarfe bakwai ta gota da minti goma, bango bai yi ƙara ba.

Eufemia ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki, ta kasa kunne. Shekara tara ke nan, kullum da safe maƙwabcinta Nicanor yana dukan bangon katakon da ya raba ɗakinsa da nata da gindin gora, sau uku, don ta san ya kwana da rai. Ita kuma ta amsa masa da bayan almakashi, sau biyu. Yau babu. Babur ya wuce. Mai ayaba na kiran ciniki a ƙarshen layi. Bango shiru.

"Don Nicanor?" Haka ake girmama manya a garin, namiji Don, mace Doña.

Shiru.

Tun tana 'yar shekara shida, ranar da aka ɗaga ta aka ce ta sumbaci goshin kakarta a cikin akwati, Eufemia ba ta ƙara shiga ɗakin da gawa take ba. Ko mijinta daga bakin ƙofa ta yi masa ban kwana, unguwa ta yi wata uku tana maganar. Ta ciro makullin Nicanor daga ƙusa. Sau biyu yana faɗuwa daga hannunta kafin ya shiga kwaɗo.

Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da kujera, ƙafafunsa sun kumbura kamar gungumen ayaba. Idonsa biyu.

"Shigo mana, maƙwabciya. Kin tsaya kamar kin ga fatalwa. Da saura."

"Ka kusa kashe ni."

"Ki bi layi. Ni ne a gaba."

Da ƙyar ta ja shi ya hau gado. Mutumin da gari ke kira Tabarya saboda nauyin dukansa, yanzu ita kaɗai ta ɗaga shi. Likita ya sallamo shi tun makon jiya, ya ce zuciyar ta gaji, a kai shi gida a kira 'yarsa. 'Yar, Yudelka, tana Nueva York a Amurka, jirginta sai Lahadi. Yau Laraba.

Ta dafa masa kofi, bai sha ba. Idonsa na kan bango, inda gora uku na azurfa, irin na dukan ƙwallo a wasan besbol, ke rataye, sun yi baƙi don rashin guga. A babban birni aka ba shi su, kyautar gwarzon mai bugu zalla na shekara, har sau uku. Tun da gwiwarsa ta dama ta fashe yana da shekara ashirin da huɗu, bai ƙara sa safar hannu ta fata ya fita tsaron fili ba. Sauran 'yan besbol suna bugu suna tsaro. Shi bugu kawai aka ajiye shi ya yi. Ya zauna a benci, layinsa ya zo, ya tashi ya daki ƙwallo, ya dawo ya zauna. Shekara goma sha huɗu a haka.

"Femia, zan aike ki."

"Ina za ni in bar ka?"

"Wurin Porfirio. Ki tambaye shi ina za su sauke ni."

Ta gane. Kowa a garin ya san al'adar. Idan tsohon ɗan wasa ya mutu, daga coci ba a wuce da shi makabarta kai tsaye. Tsofaffin abokan wasansa su ɗauke shi a kafaɗa su shiga fili, su zaga da shi kusurwa huɗu, sannan su sauke akwatin a wurin da ya tsare a rayuwarsa, su ɗora safarsa a kai. A yi shiru na minti ɗaya. Daga nan sai kabari.

"Na ƙirga," in ji Nicanor. "Mutum goma sha ɗaya muka sauke. Kowa da wurinsa. A masu irin aikina, ni ne na fari da zai mutu a garin nan. Sai in ga sun ɗauke ni suna ta yawo da ni a rana, suna kallon juna, babu inda za su ajiye ni."

"Kai da ba za ka sani ba."

"Wa ya faɗa miki?"

Ta nuna bango da haɓa. "Ga azurfa har uku. Su nawa ne a garin nan suke da ko ɗaya?"

"Mutanen birni ne suka ba ni. Birni ba ya ɗaukar gawata." Ya kama wuyan hannunta. Hannun sanyi ƙalau. Ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai yau. "Ki je. Kar ki rufe ƙofar. Bar ta a buɗe."

Ɗan acaɓa ya sauke ta a ƙofar filin wasa. Gindin bishiyar da ke gefen ƙofar, tsofaffi huɗu na buga domino a kan tebur. Porfirio ne shugaban ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa, makullin fili na rataye a wuyansa. Shekara ashirin ya yi yana tsugune a bayan masu bugu yana cafe ƙwallo, yatsunsa duk sun karkace kamar citta.

"Doña Eufemia! Wandona ya yi ne?"

"Wandonka na nan. Nicanor ne ya aiko ni."

Ta faɗi saƙon a tsaye. Hannun da ya ɗaga da domino ya tsaya a sama.

"Jikin ya kai haka?"

"Ya wuce haka."

Wani siririn tsoho mai suna Lalo ya yi gyaran murya. "Ƙa'ida ai a bayyane take. Inda mutum ya tsare. To shi me ya tsare?"

"Benci," in ji na kusa da shi. "Wallahi babu wanda ya taɓa sace bencin nan yana kai."

Aka yi dariya, gajeriya, ta mutu da wuri.

"Rabin ɗan wasa ne, Doña," in ji Lalo. "Ba zagi ba ne, shi ma ya sani. Muna cikin rana muna cin ƙura, shi yana inuwa yana shan ruwan sanyi."

"Da ya tashi daga inuwar fa? Na ji an ce har rufin masana'antar sukari ya fasa da ƙwallo," in ji Eufemia.

"Sau biyu," in ji Porfirio, bai ɗago ba.

"To ku sauke shi inda yake tsayawa ya yi bugun."

"Nan wurin kowa ne, ba na mutum ɗaya ba. Bayansa kuma nawa ne. Na riga na faɗa wa 'ya'yana." Ya ajiye domino a hankali. "Ƙungiya za ta zauna ran Asabar."

"Ba zai kai Asabar ba, Don Porfirio."

"To sai a wuce da shi makabarta, kamar yadda ake wucewa da mai burodi da mai aski. Su ma 'ya'yan Allah ne."

Ba su kalle ta ba. Kowa ya duƙa kan dominonsa. Ta lura babu wanda ya tambayi ko zai iya zuwa dubiya. Dukansu sun haura saba'in.

Kafin ta juya ta leƙa ta ƙarfen ƙofa. Ba ta taɓa shiga filin ba, ba ta san kan wasan ba. Ta ga ciyawa, ta ga jar ƙasa, ta ga fararen layuka na alli. Can gefe, kusa da rumfar 'yan wasa, ta ga wata farar da'ira a kan ciyawa, ita kaɗai, tsaf da ita, babu komai a ciki.

Duk hanyar gida tana neman abin faɗa, ba ta samu ba.

An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, ɗakin kamar tanda. Nicanor na jingine da matasai uku, bakinsa a buɗe yana jan iska. Ya ji takunta.

"Me ya ce?"

Ta ajiye jaka. Ta gyara labulen da ba ya bukatar gyara.

"Femia. Me ya ce?"

"Ya ce a farar da'irar nan. Ta kusa da rumfa."

Maganar ta fito kafin ta yi shawara da kanta. Nicanor ya daina jan iska. Ta ɗauka ta kashe shi.

"Porfirio ne ya faɗi haka? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

"Kin san mece ce da'irar nan?"

"Ni tela ce."

"Nan mai jiran layi yake durƙusawa. Wani yana bugu, kai ne na gaba." Ya rufe ido. "Shekara goma sha huɗu ina durƙusa a nan a kan gwiwar nan. Sauran idan sun ɓata bugu, sai su fita fili su cafe ƙwallo, a yafe musu. Ni ba ni da wurin wanke laifi. In na ɓata, sai in koma benci in zauna da shi awa guda. Duk sanda na shiga da'irar nan cikina juyawa yake yi. Ba wanda ya sani sai Porfirio, don ya taɓa ganina ina amai a bayan rumfa." Wani sauti ya fito masa, rabi dariya rabi tari. "Tsohon kare. Ashe bai manta ba."

Eufemia ta sunkuyar da kai.

"Rantse," in ji shi.

"Haba, Don Nicanor."

"Ga gicciye nan a wuyanki. Kama ki rantse."

Ta kama. Ƙarfen ya jiƙe da gumin hannunta. "Na rantse a nan za a sauke ka."

Ya dube ta. Ba ta san abin da ya gani ba.

"Idan ƙarya kika yi mini, maƙwabciya, zan dawo in ja miki ƙafa."

Da wasa ya faɗa. Haka kowa ke faɗa a unguwar, uwa ga ɗa, miji ga mata. Amma daga wannan lokacin, duk inda Eufemia ta zauna sai ta naɗe ƙafafunta a kan kujera.

Ya ci cokali biyu na dakakkiyar ayaba a ranar, abin da ya yi kwana uku bai yi ba. Fada, limamin coci, ya zo ran Alhamis da safe ya shafa masa mai. Matan layi suka shigo da carbi, suka fita da azahar don ɗora tukunya. Wajen ƙarfe uku saura ita kaɗai.

Numfashinsa ya canza. Ya ja, ya tsaya, ya ja. Eufemia ta dubi ƙofa. Taku huɗu ne. Ta miƙe, sai ta ji ya riƙe gefen siket ɗinta.

"Kar ki rufe."

"A buɗe take."

Idonsa a buɗe, amma ba ɗakin yake gani ba. Yatsunsa na murza zanin gado kamar mai shafa ƙasa a hannu.

"Wa ke bugu?"

"Ban sani ba, Don Nicanor."

"Duba mana. Wa ke gabana?"

Ta duba ɗakin, kamar da gaske akwai abin dubawa. Kujera, fanka a tsaye, gora uku a bango.

"Babu kowa."

"To ni ne," in ji shi.

Ya ja numfashi ɗaya. Ta jira na biyu. A waje wata mata na kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Ta ci gaba da jira, har ta gane. Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya daga siket ɗinta. Ta rufe masa ido da tafin hannu, ta fita bakin ƙofa ta yi amai a kwata, sannan ta kira mutane.

Yudelka ta canza jirgi, ta iso Juma'a da rana. Aka sa jana'iza Asabar da safe. Eufemia ta tare Porfirio a ƙofar coci, yana sanye da wandon da ta ɗinka masa. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba.

Fuskarsa ta sauya. "A da'ira? Kin san abin da kika yi kuwa? Duk yaron da zai yi bugu a garin nan, a nan zai durƙusa. Mutanen da ko layin alli ba sa takawa don gudun rashin sa'a! Wa zai ƙara sa gwiwa inda aka ajiye gawa? Wurin na gaba ne, Doña. Na gaba!"

"Na rantse masa da gicciye."

"Ke kika rantse."

"Da sunanka na yi. Ya ce ashe ba ka manta ba."

"Manta me?"

"Aman bayan rumfa."

Porfirio ya kau da kai. Ya juya makullin da ke wuyansa.

"Za mu zaga da shi," in ji shi daga ƙarshe. "Kusurwa huɗu, kamar kowa. Amma ba za mu sauke ba. Daga kafaɗa sai mota. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Rana ta take lokacin da suka shiga fili. Mutane sun fi ɗari, suka tsaya a bayan layi. Tsofaffi shida suka ɗauki akwatin, Porfirio a gaba ta dama, Lalo a gaba ta hagu. Yudelka na biye da su rungume da gora ɗaya ta azurfa. Eufemia na can baya.

Kusurwa ta farko suka kai lafiya. A ta biyu tafiyar ta ragu. Tsakanin ta biyu da ta uku wani na baya ya yi tuntuɓe, akwatin ya karkata, wata mata ta ƙwalla ƙara. Suka gyara. Gumi ya jiƙa bayan rigunansu. Samari biyu suka matso za su karɓa, Lalo ya daka musu tsawa, don ƙa'ida ce sai wanda ya yi wasa da mamaci.

Suka iso kusurwar ƙarshe, inda ake bugu. Motar gawa na can bakin ƙofa, taku ɗari ko fiye. Suka tsaya. Gwiwoyin Porfirio na kaɗawa a cikin wando, ana gani daga nesa.

"Mu je," in ji Lalo.

Ba wanda ya motsa.

"Porfirio, kafaɗata. Mu je ko mu sauke!"

"Ba a nan ba."

"To ina?"

Suka tsaya a rana da shi a kafaɗa, suna kallon juna.

Eufemia ta ga abin da Nicanor ya gani tun yana da rai. Ba ta san lokacin da ta ratsa mutane ba. Ta taka farin layi, ta ji an ja numfashi a bayanta. Ta wuce gaban akwatin, kusa har ta ji ƙamshin sabon katako da na furanni, abin da ta yi shekara hamsin tana gudu. Ta shiga tsakiyar da'irar ta tsaya. Taku goma ne daga inda suke.

"Nan," in ji ta. Muryar ba ta fita ba. Ta sake. "Nan!"

"Fito daga nan, Doña!" wani ya yi ihu daga cikin taro. "Kina neman ki bi shi ne?"

Ba ta fita ba.

Porfirio ya dube ta. Ya dubi mota. Sannan ƙafarsa ta dama ta juya, sauran biyar ba su da zaɓi sai bin inda akwatin ya nufa. Suka tsallake layin alli ɗaya bayan ɗaya, kowa na ɗaga ƙafa da kyau duk da nauyin. Eufemia ta ja da baya. Suka sauke shi a kan ciyawa. Akwatin ya fi da'irar tsawo, kai da ƙafa suka fita waje.

Babu safar da za a ɗora. Yudelka ta duba hagu da dama, ta kwantar da gorar azurfa a kan murfin.

Lalo ya cire hula yana haki. "Ba ƙa'ida ba ce," in ji shi, ba da ƙarfi ba.

"Rufe mana baki, Lalo," in ji Porfirio.

Ya koma da baya a hankali har bayan wurin bugu, ya dafa ƙasa, ya tsuguna. Ko gajiya ce ta tsugunar da shi, ko wani abu, ba wanda ya tambaya. Aka yi shirun minti ɗaya. Ya zarce minti ɗaya, don sai da aka kama shi ta hammata kafin ya iya miƙewa.

Da aka ɗaga akwatin, allin ya goge a wuri biyu. Mai kula da fili ya tsaya da gwangwaninsa a hannu yana kallon wurin, bai matso ba tukuna.

Washegari ƙarfe bakwai Eufemia na zaune a gaban keken ɗinki, ƙafafunta a naɗe kan kujera, almakashi a cinyarta. Ta bar ƙofarta a buɗe. Mai ayaba ya wuce. A ɗakin da ke bayan bango ana jin Yudelka na jan akwatunan kaya.

Bakwai da minti biyar. Bakwai da kwata.

Baƙin takalminta na jiya na bakin ƙofa, farin alli a gefen tafinsa. Ta dube shi na ɗan lokaci. Sannan ta sauke ƙafa ɗaya, ta jira, ta sauke ɗayar, ta ɗora su a kan fedar keke.